Motar Yaya Haggai Ba Ta Wuce Bariki

Duk wanda ya zauna Zuru ya san Fijon Yaya Haggai, farar nan mai dogon baya wadda ba ta taɓa barin gari babu buhu a samanta ba. Ni ce Rachel, ƙanwarsa uwa ɗaya uba ɗaya, don haka abin da zan faɗa a kansa ba gulma ba ce. Ina son yayana, Allah ya sani. Amma ban taɓa jin haushin mutum kamar yadda na ji haushinsa a makon da ya biyo bayan Istar bara ba, kuma har yau in na tuna sai wuyana ya yi zafi.

A Manga aka haife mu, can gindin dutse inda mahaifinmu yake noman dawa. Yaya bai daɗe da fartanya ba ya bi sa'o'insa aikin soja, kamar rabin samarin ƙasarmu. Direba aka ba shi. Ya yi Kaduna, ya yi Legas, ya yi Laberiya, ya ajiye kaki yana saje, ya dawo gida da ciwon baya da wannan Fijon.

To mu mutanen Zuru muna da wata al'ada da ba a rubuta ta ko'ina ba. Babu barikin soja a ƙasar nan da ba ɗanmu a ciki, don haka duk mai tafiya kudu da mota, shi ne ƙafar iyaye mata. Za a kawo masa dawa, daddawa, busasshiyar kuɓewa, man kaɗe, kowane ƙunshi an ɗaure bakinsa da ƙyallen tsohon zanin uwar, don ɗan ya gane na gidansu ne tun kafin a yi magana. Kuma ba a barin saƙo a bakin ƙofa, ba a ba maƙwabci. Sai ka sa shi a hannun mai shi, ka zauna, ka sha ruwan gidansa, ka ƙare masa kallo. Ai ba don dawar ake aikenka ba. Ranar da ka dawo, tsohuwa za ta tare ka tun ba ka kashe mota ba, ta ce, "Ka gan shi da idonka? Ya rame?" Waya ba ta kashe wannan tambaya ba. Yaro yana iya yin dariya a waya yana kwance a asibiti.

Mutane da yawa sun gaji da wannan abu, suna ficewa daga gari da sanyin safiya ba sallama. Yaya kuwa bai taɓa cewa a'a ba, kuma na san dalili. Lokacin da yake Laberiya mahaifiyarmu ta kwanta ciwo. Wani soja ɗan Sakaba da ya zo hutu ya karɓi ɗan ƙunshin daddawarta, ya bi sansani sansani har ya same shi. Da mutumin ya sake zuwa gida, ina zaune a bakin gadonta ya ce, "Mama, na ga Haggai, ya ci tuwo a gabana, har ya yi ƙari." Daga ranar ta daina juyi tana kiran sunansa. Ba ta kai ga girbi ba ta rasu. Da Yaya ya dawo na ba shi labarin, tun daga nan motarsa ta zama ta kowa.

Gladys, ɗiyarsa ta fari, a Legas ta fara wayo, lokacin yana tuƙa wani babban hafsa. Ranar Asabar matar oga takan sa shi ya kai 'ya'yanta wani wurin wasa mai lilo iri-iri, har da wani ƙato kamar tayar keke da ke ɗaga mutane sama ya juyo da su. Yaya yakan ɗauki Gladys ta zauna a gaba. 'Ya'yan oga su shiga, shi kuwa direba ba ya barin mota, sai su zauna su biyu suna kallon saman lilon ta kan katanga, suna jin ihun yara. Kullum yakan ce mata, "Wata rana ni da ke za mu shiga." Aka canza masa wurin aiki, shekaru suka tafi, ranar ba ta zo ba.

Gladys ta girma ta zama nas, ta yi aure a Legas, 'ya'yanta biyu. Bara ta samu aiki a Kanada, ita da mijinta da yaran duka za su tashi. Ta kira mu, Yaya ya sa wayar a tsakiyar tabarma muna ji.

"Baba, jirginmu ranar Lahadi ne bayan Ista. Ranar Asabar na sa rana, dukanmu za mu je wurin wasa, ni zan riƙe hannunka mu shiga. Na saya muku tikitin jirgin sama daga Sakkwato, kai da Mama da Goggo Rachel. Don Allah Baba, kada ka ce mota."

Matarsa Joyce ko numfashi ba ta ja ba ta ce, "Ni dai jirgi zan hau. Tun ina amarya nake tafiya da buhun wani a cinyata, ya ishe ni."

Yaya ya tambaya, "Kaya nawa ake bari mutum ya shiga da su?"

Gladys ta ce akwati ɗaya da jakar hannu.

"Yana tsayawa Kontagora?"

"Haba Baba!"

Ya ce shi mota zai bi, zai fita da wuri, Laraba yana Legas, har ya huta kafin Asabar. Na ce masa, "Yaya, kai da hawan jini da ido ɗaya mai hazo, kai kaɗai za ka yi wannan hanya?" Ya ce Allah na nan. Joyce ta dube ni, na dube ta. Haka na yi asarar kujerata ta jirgi, ni da ban taɓa hawa ba, don ba zan iya barin tsoho ya kama hanya shi kaɗai ba.

Na roƙe shi abu ɗaya: kada kowa ya ji. Ya ce to. Amma Yaya ba ya tafiya ba a yi masa addu'a ba, sai ya je ya raɗa wa Fasto. Ranar Lahadin Ista, coci cike maƙil har waje, Fasto ya ɗauki makirfo ya ce, "Babanmu Saje Haggai zai tafi Legas da mota, mu sa shi cikin addu'a." Na ji "Amin" ɗin matan nan ya fita daban. Na sunkuyar da kai na ce shi ke nan, an kashe mu.

Litinin tsakar gidansa ta koma kasuwa. Daga Manga aka zo, daga Wasagu aka aiko ɗan acaɓa. Har Malam Nasiruddeen mai shagon hatsi, wanda ba ya zuwa coci balle ya ji sanarwa, sai ga shi da galan na zuma don ɗansa da ke Mokwa. Yaya yana tsaye yana karɓa, yana duban ƙyallen kowane ƙunshi yana gyaɗa kai. Ina ta yi masa ido, ya ƙi kallona.

Can da yamma Mama Abel ta shigo, tsohuwa ce gwauruwa mai dogara sanda, ɗanta ɗaya ne tak, kofur a wani bariki a Legas. Jan zakara ne a hammatarta, an ɗaure ƙafafunsa da shuɗin ƙyalle.

"Saje, ka kai wa Abel. Tun da aka dawo da su daga daji muryarsa ba ta yi mini daɗi ba. Yana cewa lafiya lau. Ka duba mini shi."

Na ce, "Mama, zakara mai rai har Legas? A wannan zafin?"

Ba ta ma ji ni ba. Yaya ya karɓa da hannu biyu ya ce, "Zan gan shi, Mama."

Talata Joyce ta shiga motar Sakkwato da ɗan akwatinta da sabon ɗankwali, mu kuma muka kama hanyar Rijau. In ce muku na zauna a mota, ƙarya ne, cusa ni aka yi. Buhun dawa a bayan wuyana, galan ɗin zuma tsakanin ƙafafuna, kwandon zakara a cinyata. Gilashin ɓangarena ba ya sauka tun zamanin da. Rana ta bugi daddawar nan, warin ya cika motar ya shiga har cikin gashina. Ƙofata ma daga waje ake buɗe ta, sai Yaya ya zagayo ya fito da ni.

A Kontagora saƙo biyu ne kawai, na ɗauka sha yanzu ne. Ina! Mai saƙo na farko yana bakin aiki, muka jira shi. Da ya zo, matarsa ta riga ta ɗora tukunya, kuma ba a tashi a bar tuwon ɗan gida. Na biyu ya ji labari ya ce in aka ci na wancan aka ƙi nasa, me ya yi? Kafin mu wanke hannu rana ta karkata, kuma hanyar nan yanzu ba mai hankalin da ke bin ta da duhu. Muka kwana.

Da yammar nan Joyce ta kira. "Na iso tun ɗazu. Ko ruwan da suka ba ni ban gama sha ba aka ce mu ɗaura ɗamara za a sauka. Ga jikoki a jikina. Kuna ina?"

Na ce, "Kontagora."

Ta yi wata dariya da ban so ba, ta ce, "Sannu Rachel."

Mokwa ta ci Laraba. Ɗan Malam Nasiruddeen ya koma wani ƙauye a gefen gari, muka bi shi ta hanyar da ta kusa cire wa Fijo ciki. Bayan Jebba muka faɗa layin tireloli da tankokin mai, an toshe gaba an toshe baya, ba inuwa, ba wurin da mace za ta kewaya. Zakara ya buɗe baki yana haki, ni ce mai ɗiga masa ruwa da murfin gora. Ilori ta ci Alhamis, don a can ƙunshi ya fi yawa, kuma kowane gida sai an zauna. Yaya yana zama ya kafa wa yaro ido, ya duba wuyansa, ya duba yadda yake tauna, ya tambayi matar a gefe ko yana barci. Ba ya gaggawa ko kaɗan. Ni kuwa cikina ya cika da tuwon mutane, zuciyata ta cika da Gladys, wadda take kira safe da yamma tana cewa, "Goggo, Asabar fa. Ba ni da wata ranar."

Juma'a a Ibadan na fashe. Mun fito daga gida na ƙarshe ya ce akwai wata jikar wani dattijo a wata unguwa can ƙetaren gari.

Na ce, "Yaya, tsaya. Ɗiyar wa za ta bar ƙasar nan jibi? Ta dattijon ko taka? Kowa ka ba shi ranarsa, ita ka hana ta. Yarinyar nan tun tana 'yar mitsitsiya take jiran ka a kujerar gaba!"

Ya riƙe sitiyari bai tada mota ba. Ya ce, "Rachel, kin ɗauka ban sani ba? Tun Kontagora nake jin abin a ƙirjina. Amma na karɓa. In na koma suka tambaye ni, in ce me?"

"Ka ce ba ka samu dama ba, kamar kowa."

"Da ɗan Sakaban nan ya ce bai samu dama ba fa?"

Haushi ya ƙara kama ni. Na juya fuskata ga gilashin da ba ya sauka. Muka je muka nemo jikar dattijo.

Asabar da hantsi muka shiga Legas, motar ta yi sauƙi, saura zakara kaɗai. Gladys ta ce sun riga sun tafi wurin wasan, mu same su can. Yaya ya ce barikin su Abel a kan hanya yake, minti kaɗan ne. Muka je, ɗakin a kulle. Maƙwabciya ta ce an tura shi gadi wani wuri bayan gari, ta ce a bar zakaran za ta ba shi. Na miƙa kwandon da sauri, Yaya ya dafe hannuna. Ya kira Abel a waya.

"Baba Saje, ku yi haƙuri yallaɓai, sai an karɓe ni zan taso. Ku faɗa mini inda za ku, zan same ku."

Yaya ya faɗa masa sunan wurin wasan, ya ce yana wajen ajiye motoci, farar Fijo, ba zai ɓace masa ba.

Cunkoson Legas ya riƙe mu har bayan azahar. Da muka iso, Gladys na tsaye a bakin ƙofa cikin rana. Ta rugo ta rungume uban tun bai gama fitowa ba, tana dariya tana share ido, ta zagayo ta buɗe mini ƙofa. Ta ce, "Goggo, kina warin daddawa." Na ce, "Ki tambayi ubanki." Ga Joyce can a inuwa da jikoki da mijin Gladys, fes da ita kamar ba ta yi tafiya ba. Ga ƙaton lilon yana juyawa a bayan katanga, ya fi na wancan lokacin girma, in ji Yaya.

Gladys ta kama hannunsa. "Taho Baba, tikitinka na hannuna."

Ya dubi motar. "Abel na zuwa."

Ta ce a bar zakaran wurin mai gadi. Ya ce ba zakaran ba ne, uwarsa ta ce a duba shi. Ta ce to in ya iso ya kira waya sai a fito. Yaya ya ciro wayarsa, ta mutu tun a cunkoso, kuma lambar Abel a cikinta take. Ya ce yaron daga gadi zai taso, ɗan lokaci aka ba shi, in ya zo ya ga mota ba kowa zai juya.

Na ce ni zan zauna in jira shi. Allah ya sani da gaske nake. Ya ce, "Ba ke ta aika ba. Kuma soja ba zai buɗe miki cikinsa ba, ni zai buɗe wa." Ya juya ga ɗiyarsa. "Ku shiga, yanzu zai zo. Ina bayanku."

Na san wannan maganar, ita ma ta san ta. Na ga fuskar Gladys ta canza, na ɗauka za ta yi masa faɗan da ni na kasa gamawa. Sai ta zo ta damƙa mini tikitin, ta ce wa mijinta ya shiga da mu da yaran. Ta buɗe ƙofar gaba, ta ɗauke kwandon zakara ta mayar baya, ta zauna, ta ja ƙofar.

Yaya ya ce, "Gladys, tashi ki bi 'ya'yanki."

Ta ce, "Shigo Baba, rana na dukanka."

Jikoki suka ja ni har kan lilon. Ni da na yi ta kukan an hana ni jirgi, da abin ya ɗaga sai na ƙanƙame ƙarfe ina kiran sunan Yesu, yaran suna ta ƙyalƙyala dariya. Da muka kai can ƙoli ya ɗan tsaya, na buɗe ido. Legas duka a shimfiɗe, amma ni farar motar na nema. Ga ta can a bakin katanga, ƙarama, da kawuna biyu a gaba, ɗaya fari ɗaya da kitso, duka sun ɗaga suna kallon inda muke. Joyce na kusa da ni, ita ma ta gani. Ta ce, "Haka nake samun su a da." Kuka ya zo mini, na bar shi ya zo.

Ana shelar za a rufe muka fito. A daidai lokacin Abel ya sauka daga acaɓa da kakinsa. Yaro dogo, ya rame har wuyan rigarsa na yawo, hannunsa na hagu ba ya miƙewa sosai. Da ya ga shuɗin ƙyallen a ƙafar zakara sai ya tsuguna a wurin ya rufe fuska. Yaya ya ja shi bayan mota, suka daɗe suna magana ƙasa-ƙasa da C'lela, yarenmu. Ba wanda ya ce musu su yi sauri. Aka ja ƙofar wurin wasan aka sa kwaɗo muna tsaye.

Washegari muka raka su filin jirgi. Gladys ta rungume shi ta ce, "Ba kome Baba, mun yi hira." 

Da muka dawo Zuru, Mama Abel na zaune a ƙofar gida da sandarta. "Saje, ka gan shi?" Ya ce, "Na gan shi, Mama. Ya ji ciwo a hannu, yana warkewa. Ya rame, amma na yi magana da shi, zai nemi hutu ya zo." Ta ce dama ta sani, ta yi ta sa masa albarka. Sauran matan ma suka zo ɗaya bayan ɗaya, kowa ta karɓi labarin nata.

Yanzu Gladys na kira duk Lahadi, muna ganin fuskarta a waya tana dariya, tana cewa lafiya lau, sanyi ne kawai. Yaya yakan kawo wayar dab da idonsa mai kyau ya yi ta kallo. In ta kashe sai ya ce da ni, "Kin ga kamar ta rame?" In ce ban sani ba, Yaya, waya ce.

A kan kabad ɗinsa akwai ƙunshin daddawa da ya ɗaure da ƙyallen zanin Joyce tun kaka. Ya tambaya a coci, ya tambaya a tasha, ya tambayi Malam Nasiruddeen ko cikin masu sayen hatsinsa akwai mai zuwa Kanada. Har yau ba a samu ba.